Kanibon da Ya Tsare Maigidana a Cikin Gida

Zuwa ga Mai Girma Babban Injiniya mai kula da aikin faɗaɗa babban titin da ya ratsa Dogon Dutsi.

Ranka shi daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Sannunku da aiki, sannunku da zafin rana.

Sunana Hannatu. Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko. Na koyar da ƙananan yara a Dogon Kiriya da Kore Mairuwa kafin a maido ni nan Dutsi, inda na yi ritaya. Gidanmu yana bakin titin da kuke aiki, tsakanin tasha da kwanar da ake bi zuwa misyon, mai shuɗiyar ƙofa. Maigidana, wanda mutanen tasha suka sani da Direba Bitrus, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan motar haya a hanyar Dogon Kiriya, daga baya ya koma hanyar Gecheme. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta dama har likitoci suka yanke ta daga gwiwa. Ta hagu tana nan, amma ba ta iya ɗaukarsa. Tun daga lokacin, da keken guragu yake yawo, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. A kan maigidan nawa nake rubuto maka.

Na zaɓi in rubuta a fili saboda na yi ta zuwa biron aikinku, wato ofishinku, ban taɓa samun ka ba, kuma ina jin ana cewa an kusa miƙa titin ga hukuma. Na yi aikin gwamnati, na san yadda abin yake. Idan aka miƙa aiki aka kwashe injuna, abin da aka bari a buɗe haka zai zauna.

1. Ba ma adawa da titin

Na fara da wannan don kada a karanta sauran da wata fuska. Lokacin da ma'aikatanku suka zo suka shafa jan fenti a bangayen da za a rushe, unguwarmu ta hargitse. Malam Idi mai shayi, da ke tsallaken titi daidai ƙofarmu, rumfarsa ta shiga cikin layi. Mai facin taya haka. Mu kuma aka ce rabin zaurenmu zai tafi, da bishiyar dogon yaro da muka dasa shekarar da muka tare a gidan. Aka yi taro a ƙofar mai unguwa, wasu suna cewa a taru a hana.

Maigidana ne ya tuƙa kekensa zuwa tsakiyar taron ya nemi a ba shi magana. Ya ba su labarin wata mai tallar nono da motar kaya ta buge a wannan titin lokacin yana tuƙi. Shi ya ɗauke ta a kujerar bayan motarsa, ba ta kai gidan likita da rai ba. Ya ce musu direban bai yi ganganci ba, titin ne ya yi wa garin kaɗan: manyan motoci da amalanke da kabu-kabu da ƴan lakwal da awaki duk a kan ɗan kwalta guda. Ya ce shi ya yarda a sare bishiyarsa, kuma zaurensa a fara rushewa. Mutane sun san shi, suka sassauta. Kana iya tambayar mai unguwa.

Kuma gaskiya aikin ya yi kyau a wurare da dama. Motoci biyu na wucewa kowane ɓangare ba tare da ɗaya ta sauka ƙasa ba. An yi wa masu tafiya ƙasa nasu wuri. Fitilun da ke aiki da hasken rana sun haska gaban tasha. Ruwan da ke kwanciya nan kowace damina ya samu hanyar da zai bi. Na gani, na yaba.

2. Abin da ke ƙofar gidanmu yau

Tsakanin ƙofarmu da titi yanzu akwai kanibo, wato magudanar ruwa ta siminti da kuka gina. Zurfinsa ya kai ƙuguna. Faɗinsa saurayi yana tsallakewa, ni ba na iyawa. A buɗe yake. Bayansa akwai dakalin masu tafiya ƙasa, wanda ya fi dokin ƙofarmu tudu. A tsakiyar titi kuma an ja gajeriyar katangar siminti da ta raba masu zuwa da masu komawa, ba ta da kafa sai a shataletalen tasha da kuma can nesa wajen fitar gari.

An rufe kanibon da manyan falankan siminti a wasu wurare: gaban gidan mai, gaban kantin magani, da ƙofofin gidajen da ake shigar da mota. An kuma jefa ƙananan falanke nan da can don masu tafiya ƙasa. Wanda ya fi kusa da mu yana gaban gida na uku, siriri ne, mutum ɗaya yake bi, kuma sai an taka an hau. Keken maigidana ba ya shiga kansa. Ko da yana shiga, ba shi da hanyar kaiwa gare shi, domin abin da ya rage tsakanin bangonmu da bakin kanibo bai kai faɗin keken ba. Sauran mutane kowa ya yi dabararsa. Wani ya shimfiɗa katako, wani tsohuwar ƙofa, wani murfin injin mota.

3. Yadda yake kafin aikin

Ina so ka san mutumin da ake magana a kansa. Bayan an yanke masa ƙafa ya daɗe bai leƙa waje ba. Ba ya son a gan shi, ba ya son gaisawa da ƴan uwa masu zuwa dubiya. Keken nan ne ya maido shi cikin mutane. Tsofaffin abokan aikinsa na tasha suka haɗu suka sa aka ƙera masa. Da ya saba da shi, kullum da safe yakan fita da kansa, ya tsallaka wurin Malam Idi, ya zauna cikin tsofaffin direbobi har rana ta ɗaga. Idan matasan direbobi sun yi rigima a kan lodi, wurinsa ake kawo su. Shi ke kai kansa gidan likita a duba masa suga ya karɓo allurarsa. Ranar Lahadi yakan riga ni isa majami'a. Bai taɓa yarda in tura shi ba, ko a yashi. Idan na kai hannu sai ya ce, “Bari, Maman Rahila, direba ba a tura shi sai mota ta mutu.”

Da aka haƙa ramin kanibon, sai ya zauna a gida. Bai yi ƙorafi ba. Yakan ce aiki ne, zai wuce. Kirsimeti ta same shi a tsakar gida, yana jin ƙararrawar majami'a daga nan. Aka zuba siminti, ya bushe, aka kwashe katakan gini, aka wuce gaba. Ƙofarmu ba a dawo kanta ba.

4. Zuwana bironku

Zuwan farko aka ce in bari siminti ya bushe. Da ya bushe na koma, aka ce falanken ba su iso ba. Da na ga ana sauke su a wasu ƙofofi na sake komawa. A wannan karon shugaban leburorin wurin ya biyo ni har gida. Dattijo ne mai mutunci, ya shiga ya gaida maigidana, ya auna ƙofar, ya auna keken. Sannan ya yi mini bayani cewa a tsarin da aka ba su, babban falanke na ƙofar da mota ke shiga ne. Ya ce, “Madam, a tsarin aiki gidanku ba shi da mota.” Na nuna masa keken na ce wannan fa? Ya ce ya gani, amma ba shi da ikon ƙara abin da ba a zana ba, zai kai magana sama.

Ban riƙe shi da laifi ba, abin da aka ba shi yake bi. Ban sani ba ko maganar ta iso gare ka. Idan ba ta iso ba, ga ta yau.

5. Gadar da maƙwabta suka yi

Da jira ya yi yawa, Malam Idi ya tara mutane. Masu salla a masallacin bayan gidanmu da samarin majami'armu suka haɗu ranar wata Asabar. Suka samo azara ta giginya suka gitta a kan kanibon, suka shimfiɗa kwano, suka zuba ƙasa suka daddaɓe, suka yi gangara ta ɓangaren titi. Da yamma maigidana ya haye da kansa. Tun da katangar tsakiya ta tare hanya, sai da ya bi gefen titi har shataletalen tasha ya zagayo kafin ya isa sabon wurin Malam Idi, wanda daga ƙofarmu muna hango shi. Ya dawo a gajiye, amma ranar ya ci tuwo da yawa.

Gadar ba ta daɗe ba. Ma'aikatanku suka zo suka kwashe ta. Sun ce ƙasa na zuba cikin magudanar, kuma manya za su zo duba aiki, ba a son a ga komai a kanta. Na fahimci dalilin, ba na son a toshe hanyar ruwa. Amma ba a sa komai a madadinta ba. Azarar aka tafi da ita. Muka koma kan katako biyu da nake bi in fita.

6. Abin da ya faru

Cikin watan zafi na bana Allah ya yi wa Alhaji Namata rasuwa. Shi ne mutumin da ya koya wa maigidana tuƙi, a motarsa ya fara yaron mota, kuma yana cikin waɗanda suka sa aka ƙera keken. Gidansa yana tsallaken titi. Labarin ya zo da safe, na riga na tafi kasuwa. Mazan unguwa duk sun wuce gidan rasuwa. Maigidana ya leƙa bai ga wanda zai kira ba, kuma ya san ba a jinkirta jana'iza.

Ya gyara katakan nan biyu daga inda yake zaune, daidai ƙafafun baya na keken, ya gwada hayewa. Ƙafar gaba ba ta da abin takawa a tsakiya, sai ya karkata ta kan katako ɗaya. Katakon ya juya. Ya faɗa cikin kanibon, keken ya biyo shi ya danne shi. Wata mai tuyar ƙosai ce ta gani ta yi ihu, masu kabu-kabu suka sauko suka fito da shi. Aka aiko mini kasuwa, na same shi a gidan likita.

Wuyan hannunsa na dama ya karye, kafaɗar ta goce. Ga wanda yake tafiya da hannu, ka san abin da wannan ke nufi. Abin da ya fi damun likita kuma shi ne ƙafar da ta rage. Bakin siminti ya yanke ta a dunduniya, kuma ciwo a ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa. Har yau da nake rubutun nan bai rufe ba. Likita ya gaya mini a gabansa cewa idan ba a kula ba, ita ma tana iya bin ƴar uwarta.

Jana'izar Alhaji Namata bai same ta ba. Ta'aziyya ma iyalan mamacin ne suka zo suka karɓa a bakin gadonsa.

7. Halin da muke ciki

Ana wanke masa ciwon a gidan likita a kai a kai. Duk ranar zuwa sai na nemo maza huɗu. Biyu su tsaya wannan gefen kanibo, biyu wancan, a ɗauko shi a kan kujera a miƙa shi sama da ramin, a sa shi a mota. In mun dawo a sake. Ba wanda ya taɓa ƙi mini. Limamin masallacin bayanmu ya ce in riƙa aikowa bayan sallar safe kafin mutane su watse, samarin majami'a kuma suna zuwa ranar da ba su da aiki. Allah ya saka musu. Amma yawancin masu ɗaukarsa yaran da ya koya wa tuƙi ne, ko ƴaƴan abokansa. Yakan rufe ido har a sauke shi. Ya daina zuwa majami'a, ya ce ba zai sa a yi ta cicciɓarsa ranar Lahadi a gaban jama'a ba.

Yanzu ya ce a kai shi ƙauye, gidan ƙanensa da ke ƙasar Gecheme. Ya ce can ƙofa da ƙasa daidai suke, ko da jan gindi zai fita ya zauna cikin mutane. Ƙanen ya zo sun yi magana, ya ce da zarar ya gama shuka zai samo mota ya ɗauke shi. Ni na san abin da ke can. Allurar suga tana son sanyi, gidan ba wuta, ba firigo. Gidan likitan da zai iya da ciwonsa yana da nisa, kuma in damina ta zauna akwai ranakun da mota ba ta shiga ƙauyen. Na gaya masa duk wannan. Ya ce, “Na sani. Na gaji da a ɗauke ni kamar buhun hatsi.” Ƴarmu Rahila tana aure a Yamai, tana kira tana kuka, ta ce kada in bari a tafi da shi. Ni kuma ba zan iya tsare babban mutum a ɗaki da ƙarfi ba.

8. Ba mu kaɗai ba ne

Inna Tabawa, maƙwabciyarmu ta kudu, idonta ya yi rauni, ta daina fita sai an riƙe ta. Masu garuwa ba sa iya kawo kurar ruwa bakin ƙofa, sai dai a tsaya a titi a yi ta jido a kan katako. Wanda ya sayo hatsi a amalanke haka. Ƴan lakwal da ke wannan ɓangare, makarantarsu kuma tana wancan, ba sa zagayawa ta tasha. Katangar tsakiya suke hayewa, ƙanana suna rarrafawa a kanta, manya suna jan su. Direbobi kuwa tun da titi ya yi sumul sun ƙara gudu. Na koyar da yara, na san ba gargaɗin da zai sa yaro ya yi doguwar hanya yana hango ƙofar lakwal a gabansa. Damina kuma ta kusa. Ranar da kanibon nan ya cika ya tumbatsa, ba wanda zai gane inda bakinsa yake.

Abin da nake roƙo

Wasu sun ce in kai ƙara, wasu sun ce in nemi diyya. Ban yi ba, kuma ba shi ya sa na rubuto ba. Ga buƙatata:

Na ɗaya, a sa falanken siminti mai faɗin da keken guragu zai bi a ƙofarmu, a sassabe bakin dakalin ya zama gangara, kafin a miƙa aikin. Shugaban leburorinku yana da awon.

Na biyu, a tura mutum ya bi titin gida-gida, ɓangarorin biyu, ya tambaya ina akwai gurgu, ina akwai makaho, ina akwai tsohon da ba ya iya tsallake rami. Mai unguwa ya ce a shirye yake ya raka shi.

Na uku, a buɗe kafa a katangar tsakiya daidai inda ƴan lakwal ke tsallakawa, ta yi daidai da ƙasa yadda keke zai wuce, a shafa farin fenti, a yi tudun rage gudu kafin a iso ta daga kowane ɓangare.

Na huɗu, inda ba a samu rufe kanibon ba kafin ruwa ya sauka, a kafa wani abu a bakinsa da mutum zai gani ko ya dafa.

Na biyar, in akwai dalilin da ya sa ba za a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a gaya mini a fili, in san abin da zan gaya wa ƙanen maigidana in ya zo da mota. In kuma ka samu sarari ka zo da kanka, ƙofarmu a buɗe take. Sai dai ka yi hankali da katakon.

Ranka shi daɗe, shekaranjiya maigidana ya ce in nemi wani gurgu da ke zaune inda ake iya fita in ba shi keken, kada ya ruɓe a banza. Ban ba da shi ba. Na sa an kai shi wurin mai walda, an miƙe ƙafar da ta lanƙwashe, an sa sabuwar sarƙa. Yana nan tsakar gida na rufe shi da tabarma. Likita ya ce hannun zai ɗinke. Sauran kuma a wurinka yake.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama wannan aiki lafiya, ya kare ma'aikatanka daga haɗari, ya tsare duk mai bin titin nan, a mota ko a ƙasa. Allah ya bar ka da ƙafafunka har tsufa.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Hannatu, matar Direba Bitrus,
Dogon Dutsi.